Ɗan Ƙawata

Duk wanda ya ba da shawarar a dasa injin niƙa a jikin katangar asibitinmu, har yau ban gama yafe masa ba. Asibitin sha-ka-tafi ne, ɗaki uku da rumfar kwano, a wani ƙauye tsakanin Ɗambatta da Kunci, irin ƙauyukan nan namu da gonar wannan take farawa daga bayan ɗakin wancan. Na yi shekaru a wurin ina awon ciki da duba jarirai. Ni ba likita ba ce, ma'aikaciyar lafiya ce ta karkara, amma mutanen gari ba ruwansu da wannan bambanci. Tsofaffi su ce mini Likita, yaran mata su ce Malama, duk wanda aka kira ina amsawa.

Rabin aikina na kunne ne. In aka kawo jariri allurar farko, ba na yarda a tafi da shi sai na kwance shi daga zani, na murza bakin abin awon ƙirji a tafin hannuna ya yi ɗumi, na ɗora masa na saurara. To, ka ƙaddara zuciyar da ba ta wuce girman goro ba kake son ji, ga inji yana ta tatata a bayan kunnenka, ga mata a rumfa suna gardamar wacce ta riga wacce zuwa, in damina ce kuma ga ruwa yana dukan kwano. Sau nawa na fita da abin awon rataye a wuya, na taka dutsen da ke gindin katanga, na leƙa na ƙwala wa mai injin kira! Bawan Allah har ya saba. Da ya ga ɗankwalina ya ɓullo ta saman katanga sai ya kai hannu ya kashe, ya ce, "Minti nawa yau, Likita?" In ce biyar. Ya ba ni uku.

Lafiyayyar zuciya sauti biyu take yi, dum-tak, dum-tak, tsakaninsu shiru. Wani lokaci a cikin wannan shirun sai ka ji wani huci, shuu, kamar iska tana fita daga tayar keke. A makarantar koyon aikin lafiya an koya mana cewa ba kowane huci ne ciwo ba. Jariri a ciki ba ya numfashi da huhunsa, akwai wata 'yar hanya da jini yake bi ya kauce wa huhun, bayan haihuwa take rufewa a hankali, kafin ta gama rufewa tana iya yin wannan ƙara. Wani kuma huda ce a bangon da ya raba ɗakunan zuciyar. Ƙaramar huda takan toshe da kanta, babba ta ƙi. Kunne kaɗai ba ya raba maka su. Sai ka duba leɓe da harshe ko sun yi duhu, ka ƙirga numfashi, ka taɓa jijiyar matse-matsi ka ji ko tana harbawa, ka ɗora shi a sikeli. Abin da ya fi duk waɗannan kuwa shi ne ka tambayi uwa. Yana kama nono ya sha ya ƙoshi, ko yana ja kaɗan ya saki yana haki? Goshinsa yana gumi in yana sha? Ita take tare da shi dare da rana, ni minti goma nake ganinsa.

Wata damina, gero ya fara fitar da kai, wata dattijuwa ta shigo da jariri ɗan kwana huɗu a ƙarƙashin mayafinta. Jikanta ne, ɗan 'yarta. Uwar tana gida, tunda maijego ba ta fita kafin suna. Na yi masa allura, ya tsala kuka, na jira ya yi shiru, na hau dutse aka kashe mini inji, na dawo na saurara. Ga shi nan kuwa, shuu, shuu, a gefen hagu na ƙashin ƙirji. Leɓensa ja, numfashinsa daidai, jijiyar matse-matsi tana harbawa ras.

Na ce, "Inna, na ji wata 'yar ƙara a zuciyarsa."

Ta washe baki. "Zuciya? Ai dole! Gado ne. Kakansa na wajen uba in ransa ya ɓaci ko tuwo ba ya kallo." Ta lakace wa jaririn hanci. "Kai, maigidan, tun yanzu za ka fara mana?"

"Ba wannan zuciyar ba, Inna. Ta cikin ƙirji, tsokar."

"Yo ai duk ɗaya ce."

Na danne abin da ya taso mini. Na yi mata bayani daidai gwargwado, cewa mai yiwuwa ba komai ba ne, ya ɓace da kansa, amma ina son a dawo mini da shi sati guda bayan suna, kuma da uwarsa. Na nanata da uwarsa har sau uku. Ta ce in Allah ya yarda, ta lulluɓe shi ta tafi.

Sun dawo, wannan kam ba zan ci zalinsu ba. Da na ga uwar sai na gane ta. Doguwa ce, mai ɗan wushirya, a wurina ta yi awon cikin tun yana wata huɗu. A lokacin awon ba wanda ya kai ta tambaya. Me ya sa ƙafa take kumbura, me ya sa wannan ƙwayar take sa kashi ya yi baƙi, me aka rubuta a nan gefen katin. Har na dinga tsokanarta da 'yar jarida. Na yi murna da ganinta, na ce a raina yau aiki ya zo da sauƙi, wannan ba sai na jawo magana daga bakinta ba.

Ina! Ta zauna a can ƙarshen benci, ta ja mayafi har bisa ido, ta ba wa jaririn rabin baya. Yana hannun kakarsa. Ɗan fari ne, wankan gida ta zo yi a gaban mahaifiyarta, kuma kowa ya san yadda ake yi da ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban manya, ba ta nuna idonta yana kansa. Kara ke nan. Wadda ta kasa yinta a ce ba ta da kunya, a yi ta yi da ita a gidajen biki har ta yi jika.

Na saurari ƙirjin. Hucin bai tafi ba, ya ma ƙara fitowa fili. Numfashin yana bakin iyaka, bai haura ba, bai kuma sauka inda hankalina zai kwanta ba. Sikeli ya nuna bai gama mayar da nauyin haihuwarsa ba, amma jarirai da yawa haka suke a wannan lokacin. Muna da ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa ya nuna yawan iskar da ke cikin jini, sai dai na manya ne aka kawo mana, in ka sa wa jariri sai ya dinga ƙyaftawa yana nuna abin da ya ga dama. Komai a tsakiya yake, ba fari ba baƙi. Abin da zai raba gardama yana bakin yarinyar nan.

Na ce, "Maijego, ya yake shan nono?"

Kakar ta ce, "Lafiya lau."

"Yana daɗewa a kai ko yana saurin saki?"

Kakar ta ce, "Ai ci gare shi kamar gara."

"Inna, don Allah ita nake tambaya. Ko za ki ɗan ba mu wuri?"

Ta gyara zama. "Me za ta faɗa miki wanda ban sani ba? Ni na haife ta, ni nake yi masa wanka safe da yamma."

Na juya ga yarinyar. "Ke, 'yar jarida, yau ina bakin? In yana sha goshinsa yana jiƙewa? Kin taɓa ganin leɓensa ya canza?"

Tana kallon yatsun ƙafarta ta ce, "Ban lura ba."

Wallahi ji na yi kamar in kama kafaɗunta in jijjiga. Ban lura ba! Na ce musu ni dai shawarata a kai shi babban asibiti a Kano a yi masa hoton zuciya. Kakar ta ce haba Likita, yarinya tana tsakiyar wanka, jikinta ɗanye, a ɗora ta a mota har birni a wannan ruwan? Ga uban yana fama da noma na biyu. A bari a yi arba'in mana, tunda yaro ƙalau yake. Na rasa abin da zan kafa hujja da shi. Da ina da amsa ɗaya tak daga bakin uwar, da na rubuta takardar gaggawa, da na aika a kira mini angon ƙarnin daga gona, in ya ƙi in kai maganar gaban mai gari. Amma ba ni da komai sai huci a kunnena, wanda ni kaɗai nake jin sa. Na ce to, arba'in, amma in an ga wani canji kada a kwana. Suka fita.

Mai injin ya ga na wuce minti ukunsa ya tayar. Wata mai ciki ta shigo tana mitar tun safe take zaune. Ina cikin ɗaura mata abin awon jini sai ga maijegon ta dawo ita kaɗai, wai ta manta kati. Kakar ta tsaya gaisawa da wata a rumfa. Yarinyar ta ɗauki katin a kan benci, ta kai bakin ƙofa, ta tsaya tana murza gefen mayafi.

"Malama."

"Mene ne kuma?"

"Wai wata ƙawata ce ta ce in tambayar mata. Ɗanta in ya kama nono ba ya daɗewa, sai ya saki yana haki, goshinsa ya jiƙe sharkaf. Ya huta ya sake kamawa, ya sake saki. Wai ko zafin wutar ɗaki ne?"

Ga amsar da na ba ta, ban rage ko harafi ba, don na sha maimaita ta a raina. Na ce, "Sannu! Ke da ba ki iya lura da naki ba, kin iya ɗauko saƙon na wata. Ki ce mata ta kawo shi, ba a awo da saƙo."

Ta ce, "To." Ta fita.

Abin haushin, maganar ɗan ƙawar ba ta bar raina ba. Da na huce, da la'asar ina wanke hannu, na ce kai, wannan yaron da aka ba ni labarinsa ai shi ne abin tsoro, ya ma fi wanda na duba. Na sa ido za a kawo shi. Ranar allura ta zagayo na dinga bin masu jego ɗaya bayan ɗaya, ke ce kika yi aike a tambayar miki? Kowacce ta ce a'a. Sai kuma aka kira mu bita a Ɗambatta, sati guda cur muna zaune a aji. A bitar har da darasin zuciyar jarirai. Aka raba mana takarda mai jerin tambayoyin da za a yi wa uwa, an juya ta da Hausa tsaf, na karanta daga sama har ƙasa. Babu inda aka rubuta abin da za ka yi in uwar ba za ta amsa ba. Na dawo na tarar da aiki ya taru, zazzaɓin damina ya cika rumfa da yara. Da haka da haka sati uku ya wuce.

Akwai wata tsohuwar ungozoma a garin da takan rako mana mata in haihuwa ta zo da gardama. Ba cibiyar da aka yanke a wannan yanki ba da saninta ba. Ran nan ta shigo da hantsi tana taunar goro, sai maganar ta faɗo mini.

Na ce, "Iya, a unguwar su yarinyar nan mai wankan gida, ta bayan rijiya, wace ce kuma ta haihu?"

"Tun da aka yi shuka ba wadda ta haihu a can sai ita."

"Ta ce ƙawarta ce. Ko a wani gari take?"

"Me ta ce miki?"

Na faɗa mata. Ta daina taunar goron, ta dube ni tun daga ɗankwali har takalmi.

"Likita, ke kuwa a wane gari aka haife ki? Yarinyar da take cikin jego, ko zaure ba ta leƙawa, a ina ta ga gumin goshin ɗan wata?"

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni fa! Ni da nake da ɗan fari wanda yanzu ya kere ni tsawo, har gobe sunansa bai taɓa fita daga bakina a gaban mutane ba, sai dai in ce yayansu. Ni da na taɓa zama da shi a cinya yana ɗan wata biyu, jikinsa kamar garwashi, gwaggota ta shigo na ce mata wai an ce yaron nan ba ya jin daɗi. An ce! Wa ya ce, bayan ni kaɗai ce a ɗakin? Gwaggon ba ta yi boko ba, amma nan take ta gane, ta karɓe shi ta fita neman mota. Ni kuwa da farar rigata da takardata, yarinya ta manta kati da gangan, ta dawo ta miƙo mini duk amsoshin da nake nema a jere, na kore ta da baƙar magana.

Na bar wa abokiyar aikina rumfar, na rataya abin awo, na yanki hanya ta cikin gonaki. Gero ya nuna, ya rufe turbar, kan gero yana dukan fuskata, taɓo yana cire mini takalmi. Ina tafe ina zagin kaina, in na gaji in koma kan al'adar, in na gaji in koma kan mai injin da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Na yi sallama na tarar da kakar tana juye ruwan wanka daga tukunya, ganyen darbejiya yana tururi. Ta yi mamakin ganina, ta shiga lale da Likita, a kawo tabarma. Na ce a bar tabarma, ina yaron? Ta ce yana ɗaki, ai 'yan kwanakin nan rigima yake ji, nonon uwar ne bai ishe shi ba, ta ma ƙara mata kunun kanwa. Har wanzami an sake kira ya duba ko beli ne ya dawo, ya buɗe bakin ya ce shi dai ya gama aikinsa tun kafin suna.

Na shiga na kwance yaron daga zani. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Duk numfashin da zai ja sai fatar da ke ƙarƙashin haƙarƙarinsa ta lotsa. Na ƙirga, ya haura sittin a minti da nisa. Gashin goshinsa a jiƙe, alhali ko wuta babu a ɗakin. Hucin kuwa ba sai an kashe mini inji ba, har a tafin hannu ana jin ƙirjin yana kaɗawa. Uwar tana rakuɓe a bakin gado, ta ba shi rabin baya kamar wancan karon, kakar tana tsaye a bakin ƙofa da ƙwarya a hannu. Na san in na ce ta ba mu wuri ba za ta tafi ba. Na zauna kusa da yarinyar, na kawar da idona daga kan jaririn ni ma.

Na ce, "Maijego, ya jikin ɗan ƙawar taki?"

Ta ɗago ta dube ni, karo na farko tun da ta haihu. Sai magana ta ɓalle. Ta ce ƙawar ta ce yanzu ko ja biyar ba ya yi yake saki. Ta ce ba ya barci sai an jingina shi a ƙirji, in aka kwantar da shi sai ya dinga gurnani. Ta ce tun shekaranjiya sau biyu kawai yake jiƙa tsumma a wuni. Ta ce ƙawar takan sa yatsa ta auna hannunsa, da can yatsa biyu ba sa haɗuwa, yanzu suna haɗuwa har da saura. Ba abin da ya wuce ta. Duk abin da ke jikin takardar bitarmu ta amsa shi, har da wanda masu takardar ba su san a tambaya ba. Wannan ce fa ta ce mini ba ta lura ba.

Kakar ta ce, "Wace ƙawa kuma?" Ta dubi 'yarta, ta dubi jaririn, ta ajiye ƙwaryar a ƙasa a hankali. Na shirya mata maganganu tun a hanya, masu zafi, amma da na ga fuskarta sai na haɗiye. Ta ce, "Ni ma haka aka yi mini, Likita. Na ɗauka tarbiyya nake ba ta." Ta ɗauki mayafi, ita da kanta ta tafi gona ta kira surukinta, abin da a ranar lafiya ko giyar wake ta sha ba za ta yi ba.

A ranar aka sami mai mota ya kai su Ɗambatta, daga can suka hau ta Kano, da takardata a hannun uban. Aka kwantar da su. Hoton ya nuna huda ce babba, jini yana ta kwarara zuwa huhu har ruwa ya taru. Aka ɗora shi a kan maganin da ke rage ruwan, aka dinga ba shi nonon uwar ta 'yar roba a hanci. Aka ce maganin na riƙo ne, gyaran sai da aiki, aikin kuma ba kullum ake yin sa ba, sai an shiga layi, sai kuma yaron ya yi nauyin da zai iya ɗauka. Na sami likitar da ta duba shi a waya, na tambaye ta abin da yake cina, da an kawo shi sati uku da suka wuce fa? Ta ce hudar dai tana nan ko yaushe aka zo, amma da bai rame haka ba. Ta ce in daina tuhumar kaina, ai na yi ƙoƙari da na ji hucin ma. Na yi mata godiya. Ban gaya mata zancen ƙawa ba.

Sun dawo gida da magani, ya ɗan murmure. Duk sati nakan bi ta gidan in ɗora shi a sikelin rataye, ni da uwar mu yi hirar ɗan ƙawarta, kakar ta sami abin yi a tsakar gida. Nauyin yana hawa kamar ana jan sa da igiya, wani satin ya hau, wani satin ya tsaya. Ana cikin girbin dawa mura ta kama shi, ta sauka a ƙirji. Suka sake komawa Kano. Kwana uku aka dawo da shi a naɗe.

Na je gaisuwa. Tsakar gida cike da mata, uwar tana zagayawa da kofin ruwa tana miƙa wa baƙi, idonta a bushe. Wata tsohuwa kusa da ni ta ce, "Kai, yarinyar nan akwai kara, ko ɗigon hawaye." Wata ta ce, "Ai gidan tarbiyya ne." Na san halina, in na ƙara minti biyar a wurin zan faɗi abin da za a daɗe ana maimaitawa. Na yi addu'a, Allah ya sa mai ceto ne, na sa takalmina na fito.

Bayan kamar sati biyu, ranar da ba ta allura ba, rumfa ba kowa, ina goge sikeli sai na ji sallama. Ita ce, ita kaɗai. Ta tsaya a daidai inda ta tsaya rannan, a bakin ƙofa, da 'yar leda a hannu. Inji yana ta tatata a bayan katanga.

Ta ce, "Malama, ƙawar nan tawa ce ta ce in kawo miki ragowar maganin, ko wani zai amfana." Ta ajiye ledar a kan benci. "Ɗan nata ya koma."

Na ce, "Na ji. Shigo ki zauna."

Ta zauna a ƙarshen bencin. Na rufe taga, na ce ta jira ni. Na fita na taka dutsen gindin katanga. Mai injin yana ganin ɗankwalina ya kai hannu zai kashe.

Na ce, "Bar shi. Kada ka kashe sai na leƙo."

Ya tsaya yana kallona da baki buɗe. "In hatsin ya ƙare fa, Likita?"

"Ka bar shi yana yi haka nan."

Na koma ɗakin na sa sakata. Na ce mata, "Ki gaya wa ƙawar taki, a nan ba mai jin ta."

Ta ɗan jima tana kallon sikelin. Sannan ta kira sunansa, sunan da ban taɓa ji a bakinta ba, ta sake kira da ƙarfi, ta kifa kanta a cinyata. Injin bai tsaya ba sai da aka kira azahar.